KAMA DA WANE BA TA WANE: Masu Neman Giyar Jos A Bakin Teku

Duk motar da ta taso daga Arewa ta nufo Ikko, in ka leƙa bayanta za ka tarar rabin kayan na tsaraba ne: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kilishi, man shanu a kwalba, in kuwa daga Filato ta fito, har da acca da dankalin Turawa. Mutum yakan saba da ruwan saman Kudu da cunkoson motocinta, amma harshe ba ya ƙaura da wuri. To, akwai abu guda da ba a iya yi wa ɗan Filato tsarabarsa, watau burkutu. Shi abu ne mai rai, yana tafasa a cikin tukunya ake shansa. In an ɗura shi a jarka aka toshe, ko dai jarkar ta kumbura ta fashe, ko kuwa kafin mota ta ƙetare Kwara ya riga ya koma ruwan tsami.

Kafin mu yi nisa, bari mu share fage. Addinin Musulunci ya haramta giya, kuma wannan shafi ba ya kiran kowa zuwa gare ta. Sai dai masu karanta mu ba duka Musulmi ba ne. Akwai Birom da Angas da Tarok da Sura da mutanen kudancin Zariya, sojoji da 'yan sanda da ma'aikata da masu gadi, waɗanda Hausa ce ke haɗa su a Obalende da Agege da Sabo ta Badun. Har wa yau, mai karatun da bai taɓa kusantar ƙwaryar giya ba zai ga maganar ta biyo ta kan kunun zaƙin gidansa da dawar gonar ubansa.

Wanda ya yi samartaka a tsakiyar Jos cikin shekarun 1970 da 1980 ya san Kwararafa, ya san siliman da ke ɗauke da wannan suna, inda ake cika maƙil don kallon fim ɗin Indiya. In an tashi, kowa sai ya kama gabansa: wasu wurin mai shayi da mai tsire, wasu kuma su nemi kwalbar Rock mai sanyi. Rock ita ce giyar kamfanin Jos International Breweries, wanda aka kafa cikin 1975 tare da Turawan Danmak. Kamfanin ya yi tashe ƙwarai, har yana da ƙungiyar ƙwallo tasa, wadda ita ce daga baya ta zama Plateau United, ta kuma ci gasar ƙasa cikin 2017. Ƙungiyar ta rayu, amma kamfanin ya durƙushe, Rock ta yi shekaru ba a ganinta a kanti. Saboda haka ɗan Jos da ke zaune a Kudu yana kewar abu biyu ne: na ƙwarya da ba ya jure tafiya, da na kwalba da ya ɓace. Daga nan ne wasu suka fara cewa, in ba a sayarwa, me zai hana mu dafa da kanmu?

Turawa sun riga mu shiga wannan hali. A Ingila, har zuwa 1963 sai mutum ya yanki lasin kafin ya dafa giya a gidansa. A shekarar ne Ministan Kuɗi, Mista Reginald Maudling, ya soke lasin ɗin. A Amurka kuwa sai cikin 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da wannan dama. Nan da nan 'yan kasuwa suka ƙago kayan haɗi na gida: gwangwani guda cike da wani abu mai kauri kamar maɗi, da 'yar takardar yisti a ƙarƙashin murfi. Mutum ya juye gwangwanin a bokitin roba, ya ƙara sukari kilo 1, ya cika ruwa ya kai galan 5, watau lita 23, ya barbaɗa yisti, ya rufe. Bayan mako guda ko kwana 10 ya ɗura a kwalabe. Wanda ke son mai ƙarfi, irin wadda suke kira el mai ƙarfi, sai ya zuba gwangwani biyu ko ya rage ruwa. Cikin 1978 wani Bature mai suna Dave Line ya fitar da littafi sukutum a kan yadda za a kwaikwayi giyar kanti iri-iri a gida, kuma har yau sana'ar kwaikwayon tana da mabiya a can.

Irin wannan gwangwani ne matafiya kan shigo da shi cikin akwati, mai gida ya ɓoye bokiti a bayan ƙofa yana jiran abin mamaki. Sau da yawa abin da yake samu shi ne ruwa mai warin fenti, mai sa ciwon kai tun kafin a kai rabin kofi. Sai ya ce an sayar masa da jabu. Gwangwanin ba shi da laifi. Yistin da ke ciki an yi renonsa ne don ɗakin Ingila, yana son zafin da bai wuce digiri 18 zuwa 22 ba. Ɗaki a Mushin ko Ajegunle yakan kai 30, kuma shi kansa bokitin yana ƙara zafi in aiki ya kankama. In yisti ya ji zafi sai ya yi aiki da gaggawa, ya fitar da wasu sinadarai masu kaifin wari, su ne masu sara kai. Mai son kwaikwayon Rock kuwa nasa ya fi wuya, don ita laga ce kamar Star, yistinta sai a sanyin digiri 10 ko kusa da haka, sa'an nan a ajiye ta makonni a wuri mai sanyin da ya fi wannan. Kamfani yana da injin sanyi da janareto. Mai ɗaki ɗaya da ke jiran a kawo wuta fa?

Jos tana bisa tudu mai tsawon ƙafa 4,000 daga teku, da hunturu har mutum yakan ga hucin bakinsa da asuba. A can bokiti zai iya zama lafiya a kusurwar ɗaki daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wani zai ce a yi dabarar randa mana, a lulluɓe bokitin da jiƙaƙƙen buhu. Dabarar tana aiki ne in iska busasshiya ce, tana kwashe danshi tana barin sanyi. Iskar bakin teku ta riga ta ƙoshi da ruwa, shi ya sa ko randar Ikko ba ta sanyin randar Kano.

Sai maganar ruwa. Garin Baton na Ingila ya yi suna da giya ne saboda rijiyoyinsa na da wani gishirin ƙasa mai fito da ɗacin giyar, har masu dahuwa a wasu garuruwa kan sayi gishirin su zuba don su kamo ɗanɗanon. Ruwan da ya gangaro daga duwatsun Filato daban, na rijiyar da ke kusa da gulbin Ikko daban, na famfo mai warin magani kuma daban. Ga kuma yistin kamfani, wanda kowace masana'anta ke tsaronsa kamar sirrin gida. Ashe mai bokiti ya rasa uku tun bai fara ba: sanyi, ruwa, da yisti.

Amma mu koma kan gwangwanin nan, mu tambaya, shin mene ne a cikinsa? Ba wani abu ba ne illa tsiro. An jiƙa sha'ir ya tsira, aka busar, aka niƙa, aka dama da ruwan ɗumi har garin ya narke ya zama zaƙi, aka tace, aka dafa da furen wani ganye mai ɗaci da suke kira hofs, aka ƙone ruwan har ya yi kauri. Watau an yi wa Bature aikin da ya fi wuya, an bar masa zuba ruwa. Wannan aiki mai wuya kuwa shi ne matan Filato ke yi da hannunsu tun kaka da kakanni, ba ma'aunin zafi, ba littafi.

Ga yadda suke yi, ko da yake kowane gida da nasa hannu. A jiƙa dawa ta kwana, a tsame, a shimfiɗa a inuwa a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa ruwa safe da yamma ana juyawa, har kwana 3 zuwa 5, ta fid da saiwa da ɗan kai. A shanya a rana ta bushe ƙarau, a murje, a niƙa. A dama garin da ruwa a bar shi ya kwanta. To, a nan gwanintar take. Ruwan da ya taso sama ba a dafa shi, kwashe shi ake yi a ajiye gefe. Gindin mai kauri shi ake ɗorawa a wuta har ya nuna kamar koko. In ya ɗan huce sai a mayar masa da ruwan nan da aka ajiye. Kafin wani lokaci abin da ke da kauri ya tsinke, ya yi zaƙi. A bar shi ya kwana ya ɗauki ɗan tsami, a sake dafawa sa'o'i masu yawa, a sauke ya huce, sa'an nan a zuba masa ragowar dahuwar da ta wuce, wadda ita ce yistinsu. Washegari yana kumfa yana tsuwa, an fara ɗiba da ƙoƙo. Wanda aka tace ya yi garau shi ake kira fito. Ƙarfin burkutu yakan tsaya tsakanin kashi 3 da 6 cikin 100.

Me ya sa ake raba ruwan sama da na ƙasa? A cikin tsiro akwai wani sinadari mai mai da gari ya zama sukari, amma wuta na kashe shi. Garin sha'ir yana nuna a ɗumin da sinadarin ke iya jurewa, saboda haka Bature tukunya ɗaya ta ishe shi. Garin dawa kuwa ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 70, inda mafi yawan sinadarin ya riga ya mutu. Sai mata suka gane cewa ƙarfin yana cikin ruwan da ya taso, suka tsame shi daga wuta, suka dafa garin shi kaɗai, suka sake haɗa su. Uwargida mai kunun zaƙi, ashe ba haka kike yi ba? Ki raba gasara biyu, ki dama ɗaya da tafasasshen ruwa, ki bar ɗaya ɗanye da tsiro ko dankalin Hausa, in na farko ya sha iska ki haɗa, ki rufe ya kwana, da safe ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da sukari ba. Hanyar ɗaya ce har zuwa mararraba. Mai kunu ta tsaya ta tace ta sa citta da kanumfari, mai burkutu ta zarce ta sa yisti. Haka ma lemon malt na kwalba, irin su Maltina da ta fito cikin 1976, ruwan tsiro ne da ba a bari yisti ya taɓa ba.

Wannan ilimi na mata ya daɗe ba a ba shi girmansa ba, alhali a ƙasar Filato giya ba abin wasa ba ce. Da ita ake sallamar 'yan gayya, da ita ake biki da makoki da sulhu. Wani masani ɗan Amurka, Robert Netting, ya zauna da Kofyar na kudancin Filato, ya rubuta cikin 1964 cewa har lissafin kwanaki sukan yi da kwanakin dahuwar giya. Zuwan Turawa ne ya fitar da ita kasuwa sosai. Tun taron Burasal na 1890 manyan ƙasashen Turai suka yarda a tsare wasu yankunan Afirka daga barasa mai zafi, Gwamna Lugga kuma ya hana a sayar wa 'yan ƙasa ita a Arewa. Ga kuma haƙar kuza ta tara dubban lebura a Jos da Bukur, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya cikin 1914, wani daga Fatakwal cikin 1927. Lebura ya karɓi kuɗin mako, kwalbar Bature ta haramta gare shi, sai ya nufi tukunyar mata. Daga nan burkutu ya zama sana'a. Da kuɗinsa mata da yawa suka biya wa 'ya'yansu makaranta, kuma har yanzu in an ambaci Kugiya ta Bukur kowa ya san abin da ake nufi.

Ranar da aka rama wa matan nan ita ce cikin Janairun 1988, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da sha'ir da tsironsa don tsimin kuɗin waje. Manyan kamfanoni suka shiga uku. Nigerian Breweries, wanda ya fara Star a Ikko cikin 1949, da Guinness, wanda ya gina masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960, duk da tsiron Turai suka saba. Dole suka juyo kan dawa da masara. Injiniyoyinsu suka ci karo da matsalar nan ta gari mai son wuta da sinadari mai gudun wuta, wasu suka warware ta da sayen sinadarin daga waje, wasu da dabarar raba dahuwa, wadda ba ta da nisa da ta tsohuwa a Kugiya. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta ba da irin dawa da suka dace, cikinsu har da gajeren kaura mai lamba SK5912. A lokacin kamfanin Jos ma yana da gonarsa, BARC Farms, a ƙasar Bassa. Masana a jami'o'inmu har shuwaka da namijin goro suka gwada ko za su maye gurbin hofs, tun da ba a nomansa a nan. An ɗage hanin a ƙarshen shekarun 1990, amma dawa ba ta fita ba. Baƙar Guinness ta Nijeriya, mai ƙarfin kashi 7.5 cikin 100, wadda Yarbawa ke kiran babbar kwalbarta odeku, da dawa a cikinta, har ma ana kai ta Ingila a sayar wa masu kewar gida. Kai, duniya juyi-juyi: mu muna ɗauko gwangwani daga London, su kuma suna ɗaukar kwalba daga Ikeja. Manomin Kaduna da Katsina da ya ga dillalai na neman farafara da kaura tirela-tirela, ga inda wani kason ke zuwa, ko ya sani ko bai sani ba.

Mai dafa burkutu a Kudu, a barikin soja ko a bayan gari, zafi bai dame ta ba, don yistinta ɗan ƙasa ne. Abokin gabarta shi ne danshi. Tsiron da zai bushe cikin kwana biyu a ranar Jos yakan yi kwana huɗu a Ikko yana laushi, kafin nan fumfuna ta kama shi. Hatsi mai fumfuna yana ɗauke da dafin da ke cin hanta sannu a hankali, kuma tafasa ba ta kashe shi. Mai hankali takan yi tsironta da rani ta adana, ko ta sa a yi mata a gida a aiko da shi busasshe, don shi yana jure tafiya. Wasu kuma sukan ƙara garin rogo don ya yi auki, abin da masanan Jami'ar Badun suka tarar tun binciken da suka yi wa burkutu a farkon shekarun 1970. Yana ƙara yawa, amma ɗan Birom zai gane tun kurɓin farko.

Akwai kuma abin da kowane makiyayi ya sani: gyauron dawa yana kashe saniya. Dafin da ke cikin ɗanyen ganyen nan yana cikin saiwa da kan tsiro. Shi ya sa tsofaffi ke murje busasshen tsiro su sheƙe kafin niƙa, su kuma daɗe suna dahuwa. Yarinyar da ta koyi sana'ar da ka, ta ga murjewa ɓata lokaci ne, tana wasa da ran mutane. Wannan gargaɗi ya shafi mai kunu ma.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen neman ƙarfi. Giyar Turawa mai ƙarfi tana samun nauyinta ne daga yawan tsiro da daɗewa a ajiye, wata uku, wata shida. Mai gaggawa sai ya antaya farin sukari, ya sami abu mai bugarwa amma salam kamar ruwa. In ya ɗura a kwalba tun yisti bai gama ba, kwalabe su riƙa fashewa cikin dare, a ɗakin da yara ke kwana. Yisti kuma yana da iyaka, in ƙarfi ya kai wajen kashi 12 zuwa 15 shi kansa yakan mutu. Duk abin da ya wuce nan, ko an tsiyaye shi ta bututu kamar ogogoro, ko an zuba masa wani abu. Jos ta ga abin da goskolo ya yi wa samarinta, ƙafa ta kumbura, ido ya yi rawaya, saurayi ɗan shekara 25 ya koma kamar tsoho. Cikin Afrilun 2015 mutane suka yi ta mutuwa a Ode-Irele ta Jihar Ondo, wasu suka makance kafin su cika, aka bincika aka tarar ogogoro ne mai metanol, sinadarin masana'antu. Cikin Yunin shekarar aka sake yin haka a Jihar Ribas, mutum gommai suka tafi. Hatsi da yisti kaɗai ba sa haifar da wannan. Hannun mutum ne ke zubawa, don a ce nasa ya fi na kowa bugu. Haka nan gangar da ake dahuwa a ciki: tukunyar ƙasa ba ta da abin da za ta ba ka sai ƙamshi, amma gangar da ta taɓa ɗaukar fenti ko maganin ƙwari ba ta wankuwa.

Ga wanda zai sayi dawar tsiro a Mile 12 ko Bodija, ko na kunu ne ko na wanin kunu, kada ya karɓi wadda ta haura shekara a rumbu ko wadda ƙwari suka huda. Ya guji irin da aka shafa wa launin ja ko shuɗi a jiki, wannan na shuka ne, an cuɗe shi da magani. In yana shakka, ya ƙirga ƙwaya 100, ya nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya duba bayan kwana 3. In waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, ya kai sauran injin niƙa a yi tuwo.